Hutun ƙwaƙwalwa a kamfani mai tasowa: wa zai riƙe aiki in mai shi ya tafi?

Baban_Manhaja

Assalamu alaikum 'yan dandali. Ina da magana, kuma na san wasu ba za ta yi musu daɗi ba. Wannan batu na hutun ƙwaƙwalwa da ake ta yayatawa, ni a ganina na kamfanonin da suka riga suka tsaya da ƙafafunsu ne. Ɗauki kamfani mai tasowa mai mutum bakwai. Kuɗin da ke asusu na wata tara ne. Injiniya ɗaya ne ya san ciki da wajen sabar, wato kwamfutar da manhajar kamfanin ke gudana a kanta. Wanda ya kafa kamfanin shi ne mai neman kwastoma, shi ne mai neman jari, shi ne mai sa hannu a biya albashi. A ce wannan mutum ya kashe waya har mako biyu? In akwai wanda ya san yadda ake yi a aikace, ya faɗa mana: kwana nawa, wa zai fara tafiya, wa zai riƙe aiki, me za a gaya wa masu zuba jari.

Likita_Rabi

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a kai ga kwana nawa, a raba abu uku da ake cuɗawa wuri ɗaya, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai gajiya ta yau da kullum, wadda barcin kwana biyu ko uku ke gusarwa. Akwai galabaitar aiki, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a kundinta na rarraba cututtuka, ICD-11, a 2019. Ba ta sa ta cikin cututtuka ba, ta ce al'amari ne da ke tasowa daga matsin aiki da aka daɗe ana ciki ba a shawo kansa ba. Alamominta uku ne: ƙarfi ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa yi masa kallon banza, sannan abin da yake iya yi ya ragu. Abu na uku da ake cuɗawa shi ne ciwon damuwa da ciwon fargaba, su kam cututtuka ne sosai, suna da magani.

Mai galabaitar aiki in ka raba shi da aikin yakan fara dawowa hayyacinsa, ya ji daɗin iyalinsa, ya yi dariya. Mai ciwon damuwa kuwa duk inda ya je da abinsa yake tafiya. Idan aka yi mako biyu kusan kullum rai a jagule, babu abin da ke ba mutum sha'awa, barci ko cin abinci ya rikice, to an wuce maganar hutu, likita za a gani. In kuwa tunanin cutar da kai ya shigo, ba a jira ko kwana ɗaya, a ranar ake neman taimako.

Gaskiya_Ɗaci

Baban_Manhaja bai yi ƙarya ba. Ƙaramin kamfani ba shi da abin da zai kara da babba sai sauri da yawan awoyi. Ka cire wannan, me ya rage?

Malam_Nazari

Gaskiya_Ɗaci, awoyin nan da kake taƙama da su an auna su. John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake bin alƙaluman ma'aikatan masana'antun makamai na Birtaniya a yaƙin duniya na farko, ya fitar da sakamako a 2014. Ƙasa da awa 49 a mako, abin da ake samarwa yana tafiya daidai da awoyi. Daga nan sai amfanin kowace awa ya fara raguwa, har ya zama abin da aka samar a awa 70 bai wuce na awa 56 da wani abin kirki ba. Awa 14 ke nan ta tafi kusan a banza.

A ɓangaren jiki kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021: mai aikin awa 55 zuwa sama a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40.

Gaskiya_Ɗaci

Malam, ai masu cika harsashi daban, masu rubuta manhaja daban.

Injiniya_Sule

Daban ne kam, amma bambancin ba ya goyon bayanka, ɗan'uwa. Mai aikin hannu in ya gaji sai dai ya yi kaɗan. Mai rubuta manhaja in ya gaji ɓarna yake yi, wadda wani zai ɓata kwana biyu yana gyarawa. Ƙarfe ukun dare ne ake goge rumbun bayanai na gaske ana zaton na gwaji ne.

Bari in koma kan injiniya ɗayan nan da Baban_Manhaja ya ambata, don shi ne ainihin matsalar. Mutumin da ke jiran ko-ta-kwana dare da rana, wato a kira shi duk lokacin da sabar ta sami matsala, ko wayarsa ba ta yi ƙara ba, barcinsa ba barci ba ne. Ƙa'idar da injiniyoyin Google suka wallafa ita ce kada jiran ko-ta-kwana ya ci fiye da kashi 25 cikin 100 na lokacin injiniya, kuma in daga wuri ɗaya ake aiki ana bukatar mutum takwas kafin a iya rufe awa 24. Kamfanin mutum bakwai ba zai kai nan ba, amma ga abin da zai iya:

A horar da mutum na biyu, ko da ba gwani ba ne, su riƙa karɓa-karɓa mako-mako.

A rubuta takardar matakai ga matsaloli biyar da suka fi yawan faruwa. Kowace ta ce: ga alamar, ga inda za ka duba, ga umarnin da za ka buga, ga lokacin da ya halatta ka tashi mai hutu.

A tace ƙararrawar da sabar ke aikowa in ta sami matsala. Duk wadda za ta iya jira har safiya ta koma imel. Wadda za ta tashi mutum da dare ita ce kawai in kwastoma ba sa iya shiga, ko kuɗi ba sa wucewa, ko bayanai na cikin haɗari.

Kwana uku kafin injiniyan ya tafi hutu a daina tura sabon abu kan sabar, sai gyaran gaggawa. Kuma wanda aka tasa da dare, washegari kada a sa masa taro kafin rana ta yi tsaka.

Hajiya_Kula_da_Ma'aikata

Injiniya ya taɓo inda ke ƙaiƙayi. Hutu ba ranar tafiya yake farawa ba, mako uku zuwa huɗu kafin nan yake farawa. Ga yadda ake shirya na shugaban kamfani.

Makon farko ya riƙa rubuta duk abin da ya biyo ta hannunsa: kowane sa hannu, kowace tambaya da aka yi masa, kowane “bari in tambayi oga”. Ƙarshen mako sai a raba su kashi uku. Waɗanda wani zai iya yanke hukunci a kai tun yanzu, waɗanda za su jira ya dawo, da waɗanda dole sai shi. Kashi na ukun nan in aka duba da idon basira ba ya wuce uku ko huɗu.

Mako na biyu a naɗa mai riƙon ƙwarya, mutum ɗaya tak, a rubuce, kowa ya sani. Ba kwamiti ba. In aka ce “ku uku ku riƙa shawara”, to za su shawarta su kira shi. A rubuta iyakar ikonsa: zai iya kashe kuɗi har zuwa kaza, zai iya yi wa kwastoma rangwame har kashi kaza, ba zai ɗauki ma'aikaci ko ya sallama ba, ba zai sa hannu a yarjejeniyar da ta wuce shekara ba.

Mako na uku a yi gwaji. Shugaban yana nan lafiya lau, amma kwana biyu kowa ya yi kamar ba ya nan. Duk inda aka cije a rubuta, a gyara. A nan ne ake gano cewa lambar tabbatarwa ta banki wayarsa kaɗai take zuwa, ko kuma shi kaɗai ya san kalmar sirrin asusun da ake biyan kuɗin sabar.

Lokacin hutun kuma ƙofa ɗaya ake bari: mai riƙon ƙwarya ne kaɗai zai iya kiransa, ta kiran waya, kan abubuwa uku da aka amince tun farko. Manhajar saƙonnin ofis ta Slack da imel ɗin aiki a cire su daga wayar gaba ɗaya. Kashe sanarwa ba ya isa, hannu da kansa yake zuwa ya buɗe.

Ma'aji_Tanko

Hajiya, a ƙara maganar kuɗi, don nan ake yawan tuntuɓe. Asusun kamfani ya zama yana da masu sa hannu aƙalla biyu tun kafin maganar hutu ta taso, saboda ƙara suna a banki kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni. Albashi, haraji da kuɗin haya da za su faɗo cikin kwanakin hutun a tsara su tun kafin a tafi. Kuma a ja kunnen mai riƙon ƙwarya: duk saƙon da ya zo da sunan shugaba yana cewa a tura kuɗi cikin gaggawa, ƙarya ne har sai an ji muryarsa ta lambar da aka sani. 'Yan damfara suna karanta amsar nan ta imel mai cewa “ba na nan sai ranar kaza”, kuma lokacin suke kawo farmaki. Saboda haka kada a cika bayani a cikinta, sunan wanda za a tuntuɓa ya isa.

Wani abin kuma, bankuna a ƙasashe da dama sun daɗe suna tilasta wa masu riƙe da muhimman kujeru hutun mako biyu a jere, ba tare da sun taɓa kwamfutar aiki ba. Su ba don tausayi suke yi ba, don in akwai wata rufa-rufa ta fito fili. Amma dabarar ta yi wa ƙaramin kamfani daidai: in mutum ba zai iya ɓacewa na mako biyu ba, to kamfanin na da rami, ko ya tafi hutu ko bai tafi ba. Ciwo ba ya neman izini kafin ya kwantar da mutum.

Ummu_Zayyan

Ni tambayata kan kwanakin ce. Kwana uku a haɗa da ƙarshen mako bai isa ba?

Malam_Nazari

Malama, ya danganta da abin da ake nema. Jessica de Bloom da abokan aikinta sun bibiyi masu dogon hutu, suka ga jin daɗi da lafiya suna hawa da sauri a kwanakin farko, suna kai ƙololuwa wajen kwana na takwas. Wannan ya sa hutun da ya haɗa ƙarshen mako biyu, wato kwana tara, ya fi na kwana uku nesa ba kusa ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Mina Westman da Dov Eden sun auna ma'aikata kafin hutu, lokacin hutu da bayansa a binciken da suka fitar a 1997. Galabaita ta sauka lokacin hutun, amma mako uku da dawowa ta koma inda take. Binciken da suka biyo baya ma haka suka nuna, amfanin hutu yana dusashewa cikin 'yan makonni. Don haka duk wanda ya ce hutun shekara sau ɗaya zai magance galabaitar aiki bai faɗi daidai ba. In aka dawo aka tarar da kaya iri ɗaya, sakamako iri ɗaya za a samu.

Christina Maslach da Michael Leiter sun lissafa wurare shida da matsalar ke fitowa: yawan aiki, rashin iko kan yadda za ka yi aikinka, rashin sakamako ko yabo, lalacewar zamantakewa a wurin aiki, rashin adalci, da saɓani tsakanin abin da mutum ya yarda da shi da abin da ake sa shi yi. Hutu na farkon kaɗai yake taɓawa, shi ma na ɗan lokaci.

Baban_Manhaja

To Malam, ai ka dawo kan maganata. In mako uku ya shafe amfanin, me ya sa za a jefa kamfani cikin haɗari?

Malam_Nazari

Ban dawo ba, ranka ya daɗe. Wanka ma ba ya hana datti dawowa, amma ba a daina yi ba. Abin da binciken ke nunawa shi ne a riƙa yi a kai a kai, kuma a gyara abin da ke jawo gajiyar. Sabine Sonnentag ta daɗe tana nazarin yadda mutum ke farfaɗowa bayan aiki, kuma babban abin da ta jaddada shi ne zuciya ta saki aikin, ba jiki kaɗai ya bar ofis ba. Wannan kuwa kullum ake bukatarsa, da yamma da ƙarshen mako. Wanda ya kwanta a gado yana amsa saƙon kwastoma bai tashi daga aiki ba.

Likita_Rabi

In ƙara kan na Malam. Akwai gwajin da aka yi a Jami'ar Pensilbaniya, aka wallafa a 2003. An taƙaita wa mutane barci zuwa awa 6 har kwana 14. Zuwa ƙarshe, natsuwarsu da saurin fahimtarsu sun faɗi kamar na wanda ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba ko kaɗan. Abin tsoron shi ne su da kansu ba su ji sun lalace haka ba, suna cewa sun saba. Shi ya sa ba a barin mai kamfani ya zama alƙalin kansa. Abokin kafa kamfani ko wani na kusa ya sami izini tun farko ya ce masa “ka tsaya”. Alamomin da na waje ke gani: saurin fushi kan ƙaramin abu, shawarar da a da minti goma take ɗauka yanzu ta kwana uku, sauya alƙiblar kamfani kowane mako, guje wa kiran kwastoma, shan abin hana barci da rana da na sa barci da dare.

Babba yana bukatar awa 7 zuwa sama. Wannan shi ne hutun da ba ya bukatar amincewar kowa.

Ɗan_Jari

Maganar masu zuba jari da aka tambaya tun farko ba a amsa ba. Hutun mako ɗaya zuwa biyu layi ɗaya ne a rahoton wata: “Daga ranar kaza zuwa kaza ba na nan, wance ce ke riƙe da kamfani, ga lambarta.” Shi ke nan. Ba a neman izini, ba a ba da haƙuri, ba a kawo dalili. Mai jarin da ya san abin da yake yi zai ma ji daɗi, don abin da ya fi tsorata shi shi ne kamfanin da ke rataye a wuyan mutum ɗaya.

In ya kai wata ɗaya zuwa sama, wannan kuma sai an zauna da kwamitin daraktoci, a zo da tsari a rubuce: wa zai riƙe, har yaushe, waɗanne manufofi ne za a ɗage. Lokacin da ba a tafiya kuwa sananne ne: tsakiyar neman jari, mako biyu kafin ƙaddamar da sabon abu da mako biyu bayansa, ko ana tsakiyar rage ma'aikata. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kuɗi sun shigo asusu, kafin a fara ɗaukar sababbin mutane.

Ba sabon abu ba ne. Joel Gascoigne, shugaban kamfanin manhaja na Buffer, ya ɗauki mako shida a 2017 saboda galabaita, ya dawo ya ci gaba da shugabanci, ya kuma yi bayani a fili. Tom Blomfield, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Monzo a Birtaniya, kuwa barin kamfanin ya yi gaba ɗaya a farkon 2021, ya ce matsin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarsa. Mai jari a tambaye shi wanne ya fi so cikin biyun.

Gaskiya_Ɗaci

Ɗan_Jari, a baki kowa zai ce ya ji daɗi. A zagaye na gaba na neman kuɗi ne za ka ga an fara “bari mu ƙara dubawa”. Ba duk masu jari ne irin wanda kake kwatantawa ba.

Lauya_Binta

Gaskiya_Ɗaci yana da hujja a nan, shi ya sa nake ba da shawarar a raba abu biyu. Cewa shugaba ba zai kasance ba na tsawon lokaci, wannan haƙƙin kwamitin daraktoci ne ya sani. Sunan ciwo da abin da likita ya ce, wannan sirrinsa ne. “Hutun jinya” ya wadatar.

Sannan masu kafa kamfani su duba yarjejeniyarsu tun ana zaman lafiya. Tsarin da aka fi yi shi ne hannun jari ya riƙa zama na mutum a hankali cikin shekara huɗu, ba ya samun komai sai ya cika shekara ɗaya. To in ɗaya ya tafi jinya wata uku, agogon zai ci gaba da tafiya ko zai tsaya? Albashinsa fa? Bayan wata nawa ne sauran za su iya naɗa wani a kujerarsa? In ba a rubuta ba, ranar da abin ya faru za a tattauna shi cikin ɓacin rai, kuma abota da yawa a nan take mutuwa. Na ma'aikata kuma dokar ƙwadago ta ƙasar da suke zaune ce ke aiki, ba ta inda aka yi wa kamfani rajista kaɗai ba. Tarayyar Turai, misali, ta wajabta hutun mako huɗu da albashi a shekara da awa 11 a jere na hutawa a kowace rana. Faransa tun 2017 ta sa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tsara yadda ma'aikaci zai kashe na'urorin aiki bayan an tashi.

Sabon_Jini

Ni dai ina ganin mafita ita ce a ce kowa ya ɗauki hutu iya son ransa, babu ƙidaya. Kamfanonin fasaha da yawa haka suke yi.

Hajiya_Kula_da_Ma'aikata

Ƙanina, wannan tsari a takarda yake da kyau. A aikace, in babu adadi kowa sai ya zuba wa na kusa da shi ido, kada ya zama shi ne ya fi kowa hutu. In shugaba bai taɓa tafiya ba, to adadin da kowa ya fahimta sifiri ne. Buffer ɗin da Ɗan_Jari ya ambata sun gwada shi, suka ga mutane ba sa ɗauka, suka koma sa mafi ƙarancin kwanaki, mako uku a shekara. Ƙasa ake gindayawa, ba sama ba.

Ga ƙaramin kamfani abin da ke aiki shi ne kalanda ɗaya da kowa ke gani. Farkon kowane wata uku kowa ya sa kwanakinsa. Mutum biyu masu aiki iri ɗaya ba sa tafiya tare. Shugaba ne ke fara sa nasa. Sannan a ware kwana biyu ko uku a shekara da mutum zai ce “yau ba zan iya ba” da safe, ba tare da takardar likita ko tambaya ba. In aka fara tambayar dalili, mutane za su koma cewa zazzaɓi ne, kuma ba za ka taɓa sanin halin da tawagarka ke ciki ba.

Kuskuren da aka fi yi: a ba mutum hutu a bar aikinsa yana taruwa. Ya dawo ya tarar da imel ɗari huɗu da wa'adin da bai motsa ba. Wannan bashi aka ba shi. In mutum ɗaya cikin bakwai ya tafi mako guda, aikin makon ya ragu da kashi ɗaya cikin bakwai, a cire wani abu daga jadawali a fili. Ranar da ya dawo kuma kada a sa masa taro ko ɗaya sai na minti 30 da wanda ya riƙe masa aiki.

Injiniya_Sule

Akwai kuma rufe kamfani gaba ɗaya. Kamfanin LinkedIn sun yi na mako guda a Afrilun 2021, kamfanin Bumble suka yi a Yunin shekarar. Amfaninsa shi ne babu mai tura wa wani saƙo, don haka babu abin da ke taruwa. Ga masu sayar wa kamfanoni manhaja yana da sauƙi: a sanar da kwastoma wata guda kafin nan, a bar mutum ɗaya yana gadi, shi kuma ya ɗauki nasa mako na gaba. Ga masu harkar biyan kuɗi ko kai kaya, inda kwastoma ke bukatarka kowace awa, ba ya yiwuwa, sai dai a raba tawaga biyu.

Ummu_Zayyan

Aikin kwana huɗu a mako fa? An ce gwajin Birtaniya ya yi kyau.

Malam_Nazari

Ya yi. Kamfanoni 61 ne da ma'aikata kusan 2,900, daga Yuni zuwa Disamban 2022, albashi cikakke. Kashi 71 cikin 100 na ma'aikatan sun ce galabaitarsu ta ragu, kamfanoni 56 suka ci gaba da tsarin bayan gwajin. Amma a lura, kamfanonin su suka kawo kansu, kuma sun yi shiri na musamman kafin su fara, suka rage tarurruka, suka sake tsarin aiki. Kamfanin da mutanensa ke yin awa 65 a kwana shida, ya fara saukowa kwana biyar na gaskiya tukuna.

Tun da ana maganar alƙaluma, akwai wanda ake yawan yawo da shi: binciken Michael Freeman na 2015, inda kashi 49 cikin 100 na 'yan kasuwa masu kafa kamfani suka ce sun taɓa fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa a rayuwarsu. Mutum 242 ne, kuma da bakinsu suka faɗa, ba likita ya auna su ba. Yana nuna akwai abin dubawa, amma bai isa a ce rabin masu kamfani marasa lafiya ne ba.

Sabon_Jini

Wasu kamfanoni suna biya wa ma'aikata manhajar kwantar da hankali. Wannan bai rage wani abu ba?

Likita_Rabi

Ba ta cutarwa, amma in aka ba mutum ita aka bar masa aikin mutum biyu, ai an mayar da laifin kansa ne. In akwai ɗan kuɗin da za a kashe, gara a biya wa kowa zama huɗu zuwa shida a shekara da ƙwararren mai ba da shawara, ta yadda kamfani zai ga lissafin kuɗi kaɗai ba sunan wanda ya je ba. Kuma manaja ba likita ba ne. Takardun tantance ciwon damuwa da fargaba irin su PHQ-9 da GAD-7 tsakanin mutum da ma'aikacin lafiya suke, kada kamfani ya raba su yana tattara maki. Aikin manaja ya lura, ya tambaya a keɓe, ya rage kaya, ya nuna hanyar asibiti.

Wanda ya dawo daga doguwar jinya kuma ba a jefa shi cikin aiki gaba ɗaya. Rabin rana a mako biyun farko, babu jiran ko-ta-kwana, sai a riƙa ƙarawa bisa shawarar likitansa.

Baban_Manhaja

Na gode ƙwarai, musamman Hajiya da Ma'aji, gwajin kwana biyun nan ya shige ni. Amma duk abin da kuka faɗa ya ginu ne kan akwai wanda za a miƙa wa. Wanda shi kaɗai ya kafa kamfani fa, ma'aikatansa biyu kuma duk sababbi ne?

Ɗan_Jari

Shi kam mako biyu ba nasa ba ne tukuna, kada a yaudare shi. Ya fara da yini ɗaya cikakke a mako, waya a kashe, kwastoma su san ranar. Bayan wata biyu ya gwada kwana huɗu. Cikin masu jarinsa ko masu ba shi shawara ya nemi ɗaya ya zama lambar gaggawa.

Gaskiya_Ɗaci

In kuma babban kwastomansa, wanda ke kawo rabin kuɗin shiga, ya kira a ranar?

Hajiya_Kula_da_Ma'aikata

Ma'aikacin ya ɗauka, ya ce an ji, za a kira shi gobe ƙarfe tara, ya rubuta matsalar dalla-dalla. In sabis ne ya tsaya cak, yana cikin abubuwa ukun da aka yarda a tashi mai hutu a kansu. In kuwa yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta ce dole a amsa cikin awa ɗaya kowace rana, to Lauya_Binta ce za ta gaya mana ko ana iya sake tattauna wannan sharaɗi kafin wa'adin ya ƙare.

Lauya_Binta

Ana iyawa in ɓangarorin biyu sun amince, a rubuta ƙari a jikin yarjejeniyar. Abin da za a nema shi ne a raba matsaloli mataki-mataki: tsayawar sabis awa ɗaya, sauran kuma zuwa ranar aiki ta gaba. Baban_Manhaja, duba naku ka ga ko an bambanta “a amsa” da “a gyara”, don wasu yarjejeniyoyin amsawa kaɗai suka wajabta cikin awar, kuma wannan ma'aikaci ma zai iya yi.